Ruwan da Baba Manu Ya Ɗebo wa Gwamnati

Jiya na ji ɗaya daga cikinku, ku sababbin da aka turo mana ofishin Yelwa, yana gaya wa abokinsa wai aikin nan namu ba komai ba ne illa ɗura ruwa a kwalba, har ya ce ƙanwarsa ma za ta iya. Ban ji haushi ba. Ni ma da na zo haka na ɗauka, kuma na ci gaba da ɗauka har furfura ta fito mini a gemu, sai da wata mai zoɓo ta koya mini aikina a gaban jama'a. To tunda saura 'yan watanni in ajiye aiki, bari in rubuta muku yadda abin yake. Sabuwar ƙa'idar nan da ke manne a bango, wadda kuke cewa ta cika tsanani, rabin sharuɗɗanta saboda ni aka rubuta su, kuma ba don na yi abin kirki ba.

Sunana Sa'idu, amma daga Shanga har Ngaski ba wanda ya san ni da shi. Mai Kwalba ake ce mini. Aikin kuwa kun san shi a takarda: duk kamfanin da gwamnatin tarayya ta ba izinin kafa tashar samar da wuta a bakin gulbi ko bakin tafki, izininsa ba ya cika sai jiha ta ba shi shaida cewa aikinsa ba zai ɓata ruwan mutane ba, kuma kowace shekara sai an sabunta shaidar. Manya a babban ofis su ke buga hatimi, amma ba su taɓa ganin ruwan ba. Abin da na kai musu a kwalba, da abin da na sa wa hannu, shi ne gulbin a wurinsu.

Wanda ya koya mini aiki shi ne Oga Bitrus, mutumin kan dutse daga wajen Ngaski, gajere, marar hayaniya. Na zo masa da takardar makaranta ina hura hanci, shi kuwa ya nuna mini bahon wanki. Wata shida ina wanke kwalabe, ina kife su, ina sake wankewa. Ranar da ya fara aike na ni kaɗai, kwalba ɗaya ta fashe mini a hanya. Na ce wannan ai ƙaramin abu ne, na sayi lemo na shanye, na ɗauraye kwalbar sau ɗaya, na ba wani masunci ya cika mini, na manna takarda. Da na dawo na jera su a teburin Oga, na tsaya ina jiran yabo. Kafin ya gama rubutun da yake yi, tururuwa sun yi layi daga ƙafar tebur sun nufi kwalba ɗaya tak, sun bar sauran. Oga ya dubi tururuwar, ya dube ni, ya ce, “Sa'idu, tun yaushe gulbin Kwara ya kamu da ciwon suga?” Na koma bahon wanki wata biyu.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Kwalbar gilashi mai duhu ta gwada ko akwai mai a ruwa ce, ba a cika ta har baki. Ta roba kuwa sai an cika ta fal, ba a barin iska ko kaɗan. Kowace sai ka ɗauraye ta sau uku da ruwan wurin, ka zubar a bayanka, ka juya bakinta ya fuskanci inda ruwa ke zuwa, kuma yatsanka kada ya taɓa cikin murfi. Akwai ma'aunin zafi, akwai 'yar takardar gwaji mai canza launi, akwai murfin tukunya da Oga ya shafa wa farin fenti ya ɗaura wa igiya, ana saka shi a ruwa a ga inda ido zai daina ganinsa. Sai kula, wato akwatin sanyi, da ƙanƙarar da ake zuba mata. Ƙanƙarar a wurin masu kifi a kasuwar Yelwa muke samu, shi ya sa duk ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni sai ya tambaya ko tarwaɗa na ɗauko. Kuma kwalba ba ta kwana a hanya. In ba ta isa ɗakin gwaji a ranar ba, ka zubar kawai, ruwan wanke hannu ka ɗauko.

Duk wannan na iya shi, har na fi Oga saurin rubutu. Abu ɗaya ne ban iya ba, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba: tsoron ruwa nake yi. A Yelwa aka haife ni, gidanmu ana jin ƙarar injin jirgi, amma Inna ta hana ni zuwa bakin gulbi tun ina rarrafe, na girma ban iya iyo ba, kuma da zarar ruwa ya taɓa idon sawuna sai in ji ƙasa tana juyawa. Lokacin da Oga yake nan abin bai fito ba, shi ke shiga, ni ina bakin ganga riƙe da kula da biro. Da ya yi ritaya ya bar mini dogon takalminsa na roba mai kaiwa har cinya. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na rataye shi a bayan ƙofa. Zanzaro ya yi gida a ƙafar hagu, ya hayayyafa, jikokinsa ma a nan aka haife su.

Sai na ƙirƙiro tawa dabarar. A kowace tunga, wato ƙauyen masunta, na samu mai jirgi ɗaya na koya masa ɗauraye kwalba da rufe ta. Shi zai shiga ruwa, ni in zauna a inuwa ina cike takardu. A rahoto kuwa na sa wa abin suna mai daɗi, na kira shi aiki tare da al'umma. Har yabo na aka yi a taro saboda wannan.

Ku da kuka zo daga nesa sai ku san ruwan nan iri biyu ne. Akwai farin ruwa, wanda damina ke kawowa, mai laka. Akwai baƙin ruwa, wanda ke isowa lokacin sanyi daga ƙasashen da gulbin ya faro, garai-garai, ya cika tafki har bakin gonaki. Bayan shi sai ruwa ya riƙa ja da baya har ƙarshen bazara. Tsohuwar ƙa'ida ba ta san da wannan ba. Cewa kawai ta yi a ɗebi ruwa a ƙauyen da ke kusa da tasha, ba ta faɗi wuri ba, ba ta faɗi lokaci ba, ba ta faɗi hannun wa ba. Ta kuma ba jiha 'yan watanni ta amsa, in wa'adi ya cika ba a ce komai ba, an ɗauka an yarda. Kamfanoni ba wawaye ba ne. Duk takardunsu lokacin baƙin ruwa suke shigowa, lokacin da tafki ya cika har in ka zuba masa buhun gishiri ba zai sani ba.

Aikin da ya tona mini asiri na wata tasha ce da aka kafa tsakanin Yelwa da Shanga, mai ƙona ɓuntun shinkafa tana ba da wuta. Abu ne mai kyau, ba na musu, ɓuntun da ake tarawa kamar tsauni a bayan injinan casa ya samu amfani. Sai dai wuta tana barin toka, tokar kuma da ruwa ake wanke ta, ruwan wankin kuma yana gangarawa cikin wani hannun tafki da ya kutsa cikin tudu, wanda mutanen wurin ke kira lungu. A bakin lungun nan Tungan Baushe take, kuma a nan mashayarsu take, inda mata ke ɗiban ruwan sha da na girki.

Ranar da na fara zuwa, mai gari ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a gindin tsamiya, aka kawo soyayyen giwan ruwa da yaji, aka kawo ruwa mai sanyi a ƙwarya sabuwa. Na sha na ce lallai mutanen nan Allah ya ba su ruwa. Aka kira mini Baba Manu, dattijo dogo mai farin gemu, wanda ke haye da mutane zuwa gonakin albasa a ƙetaren lungu. Kowa a garin ya yarda da shi, ko mace mai tsohon ciki jirginsa take jira. Na nuna masa ɗauraya sau uku, na nuna masa riƙon murfi, ya kama nan take. Da zai tafi sai ya juyo.

“Malam, wa za a kai ma wanga ruwa?”

Na gyara zama, na gyara hula, na ce, “Gwamnati.”

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ɗauki filafilinsa na tuƙa jirgi ya tafi. Ya fi awa ɗaya bai dawo ba. Na ce a raina, ka ga dattijo mai natsuwa, ba irin masu jirgin nan da ke dawowa kafin ka gama kifi ɗaya ba. Ya kawo kwalabe tas kamar ruwan ido. Na rubuta a jikin kowace, Tungan Baushe, mashaya. Ban tambaye shi ina ya ɗebo ba. Shekara huɗu muna haka, ni kifi, shi jirgi, sakamako kuma kullum kamar na rijiyar masallaci.

Sai shekarar da baƙin ruwa ya zo kaɗan. Tafki ya ja da wuri, yashi ya toshe bakin lungu, ruwan ciki ya tsaya cik ba shiga ba fita, tasha kuwa ba ta daina wanke tokarta ba. Abin da mata suka fara lura da shi, wake ya riƙa nuna da wuri ba a sa masa kanwa ba, har wasu suka ce albarka ce. Daga baya hannuwansu suka fara tsagewa, wanda ya yi wanka idonsa ya yi ja, ƙananan karfasa suka riƙa tasowa ciki a sama. Mai gari ya sa aka rubuto ƙara, aka ce in je in duba.

Na je, a tsakiyar bazara. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo kifi, amma wannan karon busasshe ne. Mata suna nuna mini hannuwansu, ina cewa ai na'ura za ta faɗi gaskiya, a yi haƙuri. Mashayar ba ta fi taku ɗari daga inda nake zaune ba, ban taka ba. Na miƙa wa Baba Manu kwalabe. Ranar ya kai awa uku, ya dawo rigarsa sharkaf da gumi, ƙafafunsa duk yashi, yana haki. Na ce masa tsufa ya fara kama shi, har na yi dariya. Sakamako ya fito lafiya lau. Da hannuna na rubuta cewa ƙorafin mutanen Tungan Baushe ba shi da tushe, wataƙila sabulun da suke amfani da shi ne.

Da labarin rahoton ya isa garin, ba ni suka zarga ba, ni ai baƙo ne mai takarda. Baba Manu suka zarga. Shi ke shiga da kwalabe, shi ke fitowa da su, don haka shi ya sayar da su ga kamfani. Aka daina shiga jirginsa. Masu albasa suka gwammace su zagaya ta tudu da kaya a ka. Aka daina gaya masa suna ko ɗaurin aure, in ya yi sallama a dandali sai a amsa ciki-ciki. Ni ban ma san ana yi ba, ina Yelwa ina shirin zuwa wani taron.

Wata ranar kasuwa, daraktanmu ya zo daga babban ofis yana zagaye, muna tsaye a baranda ina yi masa bayani da hannu da ƙafa, sai ga wata tsohuwa ta shigo da kwando a ka. Inna Kulu ce, mai sayar da zoɓo a Tungan Baushe. Ba ta nemi izini ba. Ta sauke kwando, ta fito da kofuna biyu na gilashi, da jarka, da tulun jiƙaƙƙen zoɓo mai kauri. Ta ce a cika mata kofi ɗaya da ruwan famfonmu, ta cika ɗayan daga jarkarta, ta ce wannan na mashaya ne, da safen nan ta ɗebo. Ta zuba zoɓo a na famfo, ya yi ja jawur yadda kowa ya san shi. Ta zuba a na mashaya, sai ga shi ya rine ya koma baƙi-baƙi da kore-kore, abin ƙyama.

Ta dube ni ta ce, “Ɗana, na'urarka ta ce lafiya lau. Zoɓona ya ce a'a. Cikinsu wa ka yin ƙarya?”

Na ce ai ba haka ake gwaji ba, akwai tsari. Darakta ya miƙa hannu na ba shi takardar gwaji, ya tsoma a jarkar. Takardar ta canza har ta wuce launin ƙarshe da ke jikin kwalin. Na shafa ruwan a yatsa, yana santsi kamar ruwan toka da Innata ke tacewa in za ta yi miya. Na sha jinin jikina a wurin.

Washegari na hau kabu-kabu na tafi. Ba tabarma, ba kifi. Na samu Baba Manu shi kaɗai a gefen jirginsa da ya kife a tudu, yana toshe wata ɓaraka da ba ta buƙatar toshewa. Bayan gaisuwa na tambaye shi abin da ya kamata in tambaya tun shekara huɗu da suka wuce, ina yake ɗebo ruwan. Ya nuna can nesa, bayan yashin da ya toshe lungu, inda babban gulbi ke gudu. Ya ce a bana ma sai da ya ja jirgin a kan yashi shi kaɗai kafin ya kai.

Na ce, “Baba, ai mashaya na rubuta.”

Ya ajiye abin hannunsa ya dube ni da mamaki na gaske. “Malam, kai kac ce gwamnati za a kai ma. Mu nan ko baƙo na ƙauye ba mu ba shi ruwan mashaya, sai an shiga tsakiyar gulbi an ɗebo mishi mai kyau. Balle gwamnati. In kai ma gwamnati ruwan da awaki ka sha, a ce mutanen Baushe ba su san girman baƙo ba?”

Haka al'adarsu take. Kowane gida akwai tulu ɗaya da ake ajiyewa don baƙo, ruwan tsakiyar gulbi ake zuba masa, masu gida kuwa su sha na mashaya. Ruwan sanyin da na riƙa sha a gindin tsamiya ina yabawa, na tulun baƙo ne. Dattijon nan bai cuci kowa ba, mutunta ni ya yi, ya mutunta waɗanda suka aiko ni, har da jan jirgi a kan yashi cikin rana. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa ido.

Maganar ta yi girma. Jiha ta dakatar da shaidar tashar, aka riƙa kai wa garin ruwa a tanka, aka kafa kwamitin gyara ƙa'idar baki ɗaya. Aka ce in zo in yi bayani. Wani abokin aikina mai son na da alheri ya ce kada in kashe kaina, in rubuta cewa mai jirgi ne ya yaudare ni, ai ko mutanen garinsu haka suke faɗa. Har ya buga mini takardar da kyakkyawan Turanci, saura sa hannu. Na ninke ta na sa a aljihu, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, da niyyar miƙa ta na shiga zauren.

Kada ku ɗauka jarumta ce ta hana ni. An gayyato Inna Kulu a matsayin shaida, kuma Allah ya sa kujerarta tana fuskantar tawa. Ta zuba mini ido kamar yadda ta zuba wa kofin nan. Shugaban kwamiti ya tambaya wa ya cika kwalaben. Na sa hannu a aljihu, na taɓa takardar, na ɗago ido muka haɗa da tsohuwar, sai hannun ya fito babu komai. Na ce mai jirgi ne ya cika, amma ni na aike shi, ban gaya masa wuri ba, ban bi shi ba, kuma a duk tungayen da nake zuwa haka nake yi. Ya ce saboda me.

Na ce, “Ranka ya daɗe, tsoron ruwa nike yi.”

Wani daga baya ya kasa riƙe dariya, sai kowa ya fashe. Shugaba ya cire tabarau ya tambaya ko ni ɗan ina ne. Na ce Yelwa. Aka sake fashewa. Wakilin kamfanin ya miƙe ya ce su dai takardar jiha suka bi, kuma ga sa hannu a ƙasa. Gaskiya ya faɗa, sa hannuna ne, har da 'yar ƙawar da nake yi masa a ƙarshe. Aka ba ni takardar gargaɗi, ƙarin girman da nake jira kuma ya bi ruwa.

An daɗe ana ja-in-ja a kan sabuwar ƙa'idar. Wakilin gwamnatin tarayya da na kamfanoni suka ce ba za a riƙe aikin wuta shekara guda ana jiran ruwa ya ja ba, mutane na cikin duhu, kuma suna da hujja. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa za a iya ba da shaida ta wucin gadi, amma ba ta zama cikakkiya sai an ga ruwan a cikarsa an kuma gan shi a ƙarshen bazara. Shirun jiha ya daina zama yarda. Jiha ta samu ikon gindaya sharaɗi, shi ya sa tashar ta haƙa tafkunan tace toka, yanzu masu bulo ke kwashe ta. Sai sharuɗɗan nan uku da kuke yi wa dariya: a ɗebi ruwa daidai inda mata ke ɗiba, mace ɗaya daga masu ɗiban ta dangwala yatsa a takardar kwalba, kuma ma'aikaci ya cika kwalba da hannunsa, ƙafarsa cikin ruwa. A ofis ana kiran na ƙarshen nan sharaɗin Sa'idu. In za ku kira shi haka ku kira, amma ku bi shi.

Duk wannan a birni aka yi shi, Tungan Baushe ba ta ji ba. Inna Kulu ta koma ta faɗa, aka ce tsohuwa tana kare tsoho ne, wane ɗan Yelwa ne zai ji tsoron ruwa? Ya kamata in je da kaina tun a makon, amma na riƙa ɗagawa, yau aiki, gobe hanya ba kyau. Damina ta wuce, baƙin ruwa ya zo ya tafi, jirgin Baba Manu yana kife. Wannan jinkirin ya fi rahoton ci mini rai, don shi da sanina na yi.

Da bazara ta zagayo, sabuwar ƙa'ida ta kama ni, dole in je in ɗebo da hannuna. Na sauko da takalmin Oga Bitrus, na kori zanzaro bayan sun ba ni tukuici biyu a wuya. Na zaɓi Juma'a bayan an sauko daga masallaci, don kowa ya hallara. Na tsaya a gaban mai gari na faɗi komai, cewa Baba Manu bai karɓi komai daga kowa ba, ni na ce masa gwamnati, shi kuma ya yi abin da iyayensa suka koya masa. Suka saurara, amma na ga fuskokin ba su saki ba. Wani mai albasa ya ce maganar tsoro dai ba ta shiga kunne.

Na ce to a zo a gani. Na zura takalmi har cinya, na ɗaura rigar ceto mai hana nutsewa na ja maɗaurinta har ina nishi, sannan na fito da igiyar murfin tukunya na ɗaure ƙuguna, na je har inda Baba Manu ke tsaye can gefe shi kaɗai, na danƙa masa ɗaya bakin. Na ce in ya ga na nutse ya ja. Ya karɓa da hannu biyu, ya kafa ƙafa a ƙasa.

Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Na rufe ido na taka. Laka ta kama takalmi, sanyi ya ratsa roba, gwiwoyina suna kaɗawa har kwalaben da ke hannuna suna ƙara. Taku ɗaya, taku biyu, ina jin ruwa yana hawa, ina cewa shi ke nan, Innata ta faɗa. Ban san taku nawa na yi ba sai na ji muryar Inna Kulu tana cewa in tsaya, nan ne suke ɗiba.

Na buɗe ido. Ruwan bai kai gwiwata ba. A gefena wata mata ce da goyo a baya, ta ɗan ɗage zani, tana wanke tukunya, ta tsaya tana kallona baki buɗe. Can gaba kaɗan akuya ce tsaye tana sha.

Dariyar da aka yi a bakin mashayar nan, na tabbata an ji ta a ƙetare. Mai albasan nan har zama ya yi a ƙasa yana riƙe ciki. Mai gari ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Duk bayanin da na yi da baki bai shiga ba, amma rawar gwiwar nan ba wanda zai iya ƙirƙirarta, kowa ya gani ya yarda. Na ɗauraye kwalba sau uku, na juya bakinta, na cika, na rufe. Inna Kulu ta dangwala yatsa. A duk taron mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Baba Manu. Yana nan riƙe da igiya da hannu biyu, yana tattaro ta a hankali ina fitowa, kamar mai fito da wanda ya faɗa tsakiyar gulbi.

Na zauna a tudu ina fama da takalmi, ya ƙi fita. Ban ga lokacin da aka tayar da jirgin aka tura shi ruwa ba. Da na ɗago, mai albasan nan da wasu mutum biyu suna zaune a ciki da buhunansu, suna jira. Baba Manu ya dube su, ya daɗe yana dubansu. Sannan ya naɗe igiyar tsaf, ya ɗora mini a cinya, ya ɗauki filafilinsa.

“Riƙe abinka, Malam,” in ji shi. “Ina da aiki.”